Filin Tambayoyinku: Gadoji, Dogayen Benaye da Bakin Tekun Legas

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili daga Katsina da Daura a 'yan makonnin nan a kan Legas suke, kuma masu su ba kasuwa suke tambaya ba, so suke su ga garin da idonsu. Hakan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin mutanenmu sun daɗe suna zuwa Legas, amma galibi mutum yakan sauka a Agege ko kasuwar Mile 12, ya sallami kayansa, ya kwana wajen 'yan uwa, ya juyo Arewa ba tare da ya ɗora idonsa a kan teku ba. Ga huɗu daga cikin wasiƙun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Zan raka mahaifina Legas a ƙarshen wata domin ɗaurin auren ɗan amininsa a Agege. Tsohon ya ce rabonsa da Ikko tun tana babban birnin tarayya, kuma yana son ya ga gadoji da dogayen benayen da ake magana kafin mu komo gida. Kwana ɗaya tak gare mu bayan biki. Ta ina za mu fara, kuma me ya fi cancanta mu gani? Daga wani ɗan kasuwa, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima da kake yi wa Baba, ya kuma sanya albarka a auren. Kwana ɗaya zai isa idan kun tsara shi, kuma tsarin yana farawa ne da sanin yadda garin yake zaune. Legas kashi biyu ce. Akwai ɓangaren tudu, inda Agege da Ikeja da Yaba da Surulere suke, akwai kuma tsibirai, wato Tsibirin Legas da Ikoyi da Tsibirin Biktoriya, inda mafi yawan dogayen benayen suke. Tsakaninsu akwai wani babban tafki da ke buɗe baki zuwa Tekun Atlantika, kuma gadoji uku ne suka haɗa tudun da Tsibirin Legas: Gadar Carter, Gadar Eko da Gadar Third Mainland. Galibin masu aiki a tsibiri da ke kwana a tudu sai sun bi ɗaya daga cikinsu safe da yamma, wannan ne ya sa cunkoson Legas ya yi suna.

Saboda haka, idan da hali ku sa ranar yawonku ta faɗo Lahadi, in ba ta samu ba Asabar, kuma ku fito da zarar kun idar da sallar asuba. Ku nemi mai masaukinku ya samo muku mota da direban da ya sani, ku yi jinga ta yini guda tun kafin a tashi. Hawa da sauka a motocin haya masu ruwan ɗorawa wahala ce ga dattijo, acaɓa kuwa gwamnatin jihar ta hana shi a tsibirin da wasu ƙananan hukumomi tun 2022. Ku kuma tambaya ko gadojin a buɗe suke, domin akan rufe su don gyara. An rufe Third Mainland na wasu watanni a farkon 2024, Gadar Eko ma ta shafe fiye da shekara a rufe ta wajen Apongbon bayan gobarar da ta tashi a ƙarƙashinta a 2022.

Shawarata ita ce ku shiga ta Third Mainland, ku fita ta Eko. Tsawon Third Mainland kilomita 11.8 ne, daga Oworonshoki zuwa Adeniji Adele. Shugaba Shehu Shagari ya buɗe kashinta na farko a 1980, Janar Ibrahim Babangida kuma ya buɗe ta bayan kammalawa a 1990, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta koma Abuja a Disambar 1991. Ta riƙe kambun gada mafi tsawo a Afirka har zuwa 1996, lokacin da wata gada a Alƙahira ta zarce ta. Mai yiwuwa Baba ya bar ta ba a gama ba, don haka ka zaunar da shi kusa da taga. Da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi, za ku ga ruwa shimfiɗe ta hagu har inda ido ya tsaya, masunta a tsaye cikin kwalekwale suna wurga taru, ta dama kuma ga gaɓar Jami'ar Legas, sannan gidajen katakon Makoko da aka kafa bisa turaku a cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi yana tashi a samansu. Daga nan sai benayen tsibirin su fara bayyana a gaba. Ina roƙonka kada ka sa direba ya tsaya a kan gadar domin ɗaukar hoto. Motoci gudu suke yi a kanta, kuma tsayawa haɗari ne a gare ku da waɗanda ke bayanku.

Da kun sauka tsibiri ku nufi titin Marina, wanda ya bi gefen ruwa yana fuskantar Apapa. A nan ne ginin NECOM yake, wanda dattawa suka fi sani da ginin NET ko na NITEL. An kammala shi a 1979, hawa 32 ne, kuma idan aka haɗa da dogon ƙarfen sadarwar da ke kansa ya kai kimanin mita 160. Hasumiyar Gobarau da muke alfahari da ita a Katsina kimanin mita 15 ce, ke nan sai an ɗora irinta goma bisa juna kafin a kusanci ƙololuwarsa, ko da yake ita ta tsaya da ƙasa da ƙwarewar magina tun ɗaruruwan shekaru kafin siminti ya zo. Gobara ta taɓa cin ginin NECOM a 1983, labarin da ya girgiza ƙasar nan a lokacin, kuma ba na shakkar Baba zai tuna shi. Ranar Lahadi titin Marina da titin Broad da ke bayansa sukan yi sarari, sai mutum ya iya tsayawa ya ɗaga kai ya dubi benayen bankuna a natse. A ranar aiki ko wurin ajiye mota ba za ku samu cikin sauƙi ba.

Daga Marina tafiya kaɗan ce zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa, wanda dā filin sukuwa ne. A wannan fili aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya ranar 1 ga Oktoban 1960, a nan kuma Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabinsa na samun 'yancin kai. A saman ƙofar shiga akwai siffofin fararen dawaki da jajayen mikiya. Kusa da shi, a Onikan, akwai Gidan Tarihi na Ƙasa da aka kafa a 1957, inda aka ajiye motar da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da hujojin harsasai a jikinta. A ganina duk ɗan Arewa da ya je Legas ya kamata ya tsaya a waɗannan wurare biyu, domin su ne ke tuna mana cewa muna da rabo a tarihin wannan gari, ba baƙi ba ne mu a cikinsa. Sai dai ku sa mai masaukinku ya bincika tun da wuri ko gidan tarihin zai buɗe a ranar.

Azahar ku yi ta a Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, mai hasumiyoyi huɗu, wanda aka buɗe a 1988. Ka lura cewa Legas tana yamma da Katsina, don haka lokacin azahar yakan shiga a can bayan namu da kamar minti goma sha biyar ko sama da haka. Idan Baba yana da sauran ƙarfi, ku leƙa Masallacin Shitta-Bey a titin Martins, wanda wani attajirin Musulmi, Muhammad Shitta, ya gina da dukiyarsa aka buɗe a 1894, har Sarkin Musulmin Turkiyya na lokacin ya aiko wakili. Ƙaramin masallaci ne mai salon ginin mutanen da suka dawo daga Burazil, kuma ganinsa a tsakiyar kasuwa, benaye sun kewaye shi, yana nuna daɗewar Musulunci a bakin teku.

Bayan la'asar ku ratsa Ikoyi zuwa gadar da ta haɗa ta da Lekki, wadda aka buɗe a 2013. Gajera ce, kilomita 1.36, amma ita ce ta fi kyan gani, domin igiyoyin ƙarfe ne suka sauko daga wani dogon ginshiƙi suka riƙe ta. Daga nan ku biyo ta titin Ahmadu Bello a Tsibirin Biktoriya, ku hangi sababbin benayen Eko Atlantic, sannan ku kama hanyar gida ta Gadar Eko, wadda kamfanin Julius Berger ya fara aikinsa na farko a Najeriya da ita a 1965. Kuna sauka za ku hangi Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Iganmu, wanda aka gina domin bikin al'adun baƙar fata na 1977. Gadar Carter ita ce uwa, tun 1901 aka kafa ta farko, amma ta sauka ne a tsakiyar kasuwar Idumota, kuma ba zan ba ka shawarar shiga da dattijo cikin wannan turmutsitsi da yamma ba. Ku riƙe ruwan sha da yawa, domin zafin Legas mai gumi ne, ba irin namu busasshe ba, kuma yana gajiyar da tsoho da wuri.

TAMBAYA: Shekara da shekaru ina sayar da kayan da aka ce sun shigo ta Apapa, amma ban taɓa ganin jirgin ruwa ba sai a talabijin. Shin ana barin mutum ya shiga tashar ya yi kallo? Daga wani mai shago a babbar kasuwar Katsina.

AMSA: Alhaji, tashar jiragen ruwa ba wurin yawon buɗe ido ba ce, kuma ba a shiga sai da takardar izini ta hukumar tashoshin jiragen ruwa, wadda ake ba ma'aikata da dillalan fiton kaya da direbobi. Idan wani ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka ba shi wani abu zai shigar da kai, kada ka biye masa. Hanyar Apapa kanta cike take da tireloli da tankokin mai, kuma ko ka shiga, ba abin da za ka gani sai bangon kwantenoni.

Jirgi daga nesa ake ganinsa da kyau, kuma akwai hanyoyi masu sauƙi. Ka tsaya a gefen ruwa a Marina ka dubi ƙetare, ga Apapa nan da manyan ƙugiyoyinta na ɗaukar kaya a jere, jirage kuma suna wucewa ta gabanka a hankali, ƙananan jiragen ja suna yi musu jagora. Ko kuma ka hau jirgin ƙasan nan mai amfani da lantarki da ya fara aiki a 2023 tsakanin Marina da Mile 2, tafiyar kilomita 13, wanda ke ƙetare ruwa a kan gada mai tsayi, ta yadda za ka ga tashar daga sama. Da katin Cowry ake biya, ana kuma samunsa a tashar jirgin ƙasan. Wanda ya fi duka shi ne hawa jirgin fito da ke ratsa mashigin, domin sai ƙaramin jirginku ya gifta kusa da na dakon kaya za ka san girmansa, ka ɗaga kai ka ga kwantenoni an jera su hawa-hawa, kowace ɗaya cikinsu kuwa lodin tirela guda ce a hanyar Arewa. Abin kiyayewa shi ne akwai sansanin sojojin ruwa a yankin Apapa, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton jiragensu ko ƙofarsu.

Yana da kyau ka san cewa alaƙarmu da wannan tasha ta girmi kayan da kake sayarwa. Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗa da auduga da fatun ƙasar Hausa ta nan suka riƙa fita zuwa Turai, kuma buhunan da aka tara a dalar gyaɗa ta Kano a Apapa suka riƙa ƙarewa. Da kaya suka yi wa Apapa yawa bayan samun kuɗin mai, sai aka buɗe tashar Tin Can a 1977. A Janairun 2023 kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya ƙaddamar da tashar Lekki mai zurfin ruwa, wadda manyan jiragen da ba su iya shiga Apapa suke tsayawa a cikinta, kusa da matatar man Ɗangote. Ita tana da nisa daga tsakiyar gari, ba ta shiga yawon yini ɗaya. A gida kuma akwai tashar tsandauri ta Funtuwa, wadda manufarta ita ce ɗan kasuwa irinka ya karɓi kwantenarsa a jiharsa maimakon ya bi ta har bakin teku.

TAMBAYA: Ɗana yana aiki a Legas, ya gayyace ni da jikokina uku hutun ƙarshen shekara. Ya ce zai kai mu wani bakin teku da ba a zuwa sai ta jirgin ruwa. Ni kuwa tsoron ruwa nake yi, labaran kifewar kwalekwale sun ishe ni. In bar yaran su je? Daga wata uwa a Daura.

AMSA: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma ba zan ce ki yar da shi ba. Bisa ga bayaninki, wurin da ɗanki yake nufi shi ne Tarkwa Bay, wanda ke bakin mashigin da jirage ke bi su shiga tasha. Tun farkon ƙarnin da ya wuce Turawa suka jera manyan duwatsu a gefe biyu na mashigin domin kada yashi ya toshe shi, kuma waɗannan duwatsu ne suke kare wurin daga manyan igiyoyin ruwa, shi ya sa ruwansa ya fi na sauran gaɓar Legas kwanciya. Daga can yara za su ga jirage suna shiga suna fita a kusa da su, akwai kuma tsohuwar hasumiyar fitilar da ke yi wa jirage ishara da dare.

Idan za ku je, ki kafa wa ɗanki sharuɗɗa, kuma kada ki ji nauyin kafa su. Ku hau jirgi daga tashar da hukumar sufurin ruwa ta jihar ke kula da ita, irin wadda ke Falomo a Ikoyi, ba daga kowace gaɓa da aka ga kwalekwale a ɗaure ba. Kowa ya sa rigar kariya kafin jirgi ya tashi, kuma ki duba da hannunki cewa ta yaran daidai jikinsu take kuma an ɗaure ta, domin rigar babba a jikin ƙaramin yaro zamewa take yi a ruwa. Idan kika ga an cika jirgi fiye da kujerunsa, ku sauka ku jira na gaba ko da kun biya. Ku tafi da hantsi, ku dawo kafin la'asar ta yi sanyi, kada magariba ta same ku a kan ruwa. Mafi yawan haɗurran da kike ji a Neja da Kebbi da Sakkwato waɗannan abubuwa ne ke jawo su: lodi fiye da kima, tafiyar dare da rashin rigar kariya. A bakin tekun kuma yara su tsaya inda ruwa bai wuce gwiwarsu ba, babba yana riƙe da su, domin teku tana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafa idan igiya za ta koma. Lokacin da kuka zaɓa mai kyau ne, tunda ruwan saman Legas ya fi ƙarfi a watannin Yuni da Yuli. Idan duk da haka zuciyarki ba ta kwanta ba, ba dole. Ɗanki ya kai ku bakin teku a yankin Lekki inda mota ke isa, yara su ga teku ke ma ki gani, sai dai ruwan can ya fi ƙarfi, kallo kawai za a yi ba wanka ba.

TAMBAYA: Ina karatun fasahar gine-gine. An ce mana unguwar Eko Atlantic a kan teku aka gina ta. Ta yaya bene mai hawa da yawa zai tsaya a kan yashin da aka zuba cikin ruwa? Daga wata ɗaliba, Rafindadi, Katsina.

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Duwatsun mashigin da na ambata a amsar Hajiya sun tare yashin da ruwa ke turowa daga yamma, sai gaɓar da ke gabas da su, wato Bar Beach, ta dinga zaizayewa shekara da shekaru, har ruwa ya kan hau titin Ahmadu Bello. Aikin Eko Atlantic ya maido da ƙasar da teku ta cinye ne. Jiragen haƙa suna zuƙo yashi daga ƙarƙashin teku suna fesa shi a wurin, sannan aka kare gefen da katangar duwatsu wadda aka lulluɓe da manyan curarrun kankare, kowane ɗaya kimanin tan biyar, masu ƙahonni da ke sarƙewa da juna suna karya ƙarfin igiyar ruwa. An tsara katangar ta kai kilomita 8.5.

Shi kuwa bene ba a kan yashin sama yake zaune ba. Ana fara gwada ƙasa a san zurfin da take da ƙarfi, sai a haƙa ramuka masu zurfi a zuba turakun kankare da rodi har su kai can, a haɗa kawunansu da faffaɗan kankare, sannan gini ya tashi a kai. Nauyin benen yana sauka ta turakun, wani ya tsaya a ƙasa mai ƙarfi, wani kuma gogayyar jikin turken da yashi ta riƙe shi. Da wannan dabara aka kafa ginshiƙan Third Mainland a cikin tafki. Bayan laushin yashi, abokin gaba na biyu shi ne gishirin iskar teku, wanda ke ratsa kankare ya sa rodi tsatsa, don haka ake ƙara kaurin kankaren da ke rufe rodin, kuma ake yawan duba ƙafafun gadojin.

Idan kin samu zuwa Legas, ki tambayi malamanki labarin benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwambar 2021, yana cikin gini, inda fiye da mutum 40 suka rasu, yawancinsu leburori ne da masu sana'ar hannu. Ki nemi sashenku ya rubuta wa wani kamfanin da ke aiki a tsibirin takardar neman izinin ziyara, domin ba a barin mutum ya shiga wurin gini haka kawai, kuma ki roƙa a kai ku wurin da ake kan zuba turaku, tunda da an rufe su da ƙasa ba za ki sake ganinsu ba. Ki tafi da hular kwano da takalmi mai rufi, in ba haka ba a bakin ƙofa za a tsayar da ke.